Haruffa uku a jikin Hilux: me kake saye?

 Yau hirar mota za mu yi.

Kun sha ganin Hilux da ta hauro daga Kwatano, ta biyo Parakou da Kandi, an rubuta mata TRD ko GR a gefe. Dillali ya dafa ta ya ce maka: "Alhaji, wannan ta tsere ce," ya ɗora kuɗi a kai. To, tsaya tukuna.

Manyan kamfanonin mota suna da sashe na musamman, aikinsa ƙara wa inji ƙarfi da shiga gasar tsere. Na Toyota su ne TRD da Gazoo Racing, wato GR ɗin nan. Kuma ba wasa suke ba: Nasser Al-Attiyah ɗan Katar ya ci gasar Dakar da Hilux a 2019, ya maimaita a 2022 da 2023. Dattawanmu ma sun ga irin wannan da idonsu. A 1987 sashen tsere na Fijo ya ci Paris-Dakar, lokacin da motocin ke ratsa Agadas su sauko Yamai.

Amma fa motar da ta ci a 2019 suna kawai ta haɗa da taka. A Afirka ta Kudu aka ƙera ta, da injin fetur mai silinda 8, mutum biyu kaɗai take ɗauka. Ko ɗan akuya ba shi da wuri a ciki.

GR Sport ta gaskiya da ake sayarwa, an canza mata shokazoba da tayu da kujeru, don ta zauna daram a gargada. Ba don lodi aka yi ba. Kai da za ka jibga buhunan albasa, ko ka kai raguna kasuwa, duba sifirin baya da lafiyar inji, ka kuma tambaya ko kayan gyaranta na samuwa a nan.

Rubutun kuwa, sitika ce, yaro ma zai manna ta. Kafin ka ƙirga sefa ko naira, tafi da bakanikenka, ku gwada lambar shasi da ta takardu, ya kwanta ƙarƙashi ya duba. In dillali ya hana, riƙe kuɗinka.