TARBIYYAR ZAƁE TUN DAGA AJIN FIRAMARE: JAWABIN DA AKA GABATAR A TARON SHEKARA NA 'YAN ASALIN MADOBI

Mai girma Shugaban taro, iyayenmu dagatai da masu unguwanni, malamai, iyaye mata, da 'yan'uwa da suka baro Kano, Kaduna, Abuja da Legas domin halartar wannan taro, ina yi muku barka da zuwa gida.

An nemi in yi magana a kan ilimin yara, ni kuwa da na shafe rayuwata da alli a hannu sai na zaɓi ɓangaren da ba a cika taɓowa ba, wato yadda za mu koya wa yaran firamare ma'anar zaɓe ta hanyar rubutu da magana a cikin aji. Wani zai ce ina ruwan yaro da siyasa? Amsar tana cikin lissafi. Tsarin mulkin ƙasa ya ba ɗan shekara 18 damar jefa ƙuri'a, don haka yarinyar da ke aji huɗu a yau tana da shekara goma, nan da shekara takwas za ta tsaya a layi. Gyaran da aka yi a 2018 kuma ya rage shekarun tsayawa takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan makaranta ba ta koya musu ba, to 'yan jagaliya da masu rabon taliya da sabulu ne za su zama malamansu.

Ya kamata mu tuna cewa wannan dama ba a ɓagas ta zo ba. A ranar 8 ga Agusta, 1950 aka kafa NEPU a Kano, kuma magoya bayanta sun sha ɗauri da bulala a kan neman a ji muryar talaka. Matan Arewa ba su sami ikon yin zaɓe ba sai a 1976, bayan gwagwarmayar irin su Malam Aminu Kano da Hajiya Gambo Sawaba, sannan suka shiga babban zaɓen 1979. Wannan ƙasa tamu ma ta ba da nata: ɗan garin Kwankwaso, Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso, ya yi gwamnan Kano daga 1999 zuwa 2003, ya sake yi daga 2011 zuwa 2015. Ko mutum yana tare da shi ko yana adawa da shi, darasin ɗaya ne ga yaro: ta hanyar ƙuri'a ɗan ƙauye yakan kai gidan gwamnati. Amma duk da wannan tarihi, a zaɓen shugaban ƙasa na 2023, cikin mutum sama da miliyan 93 da suka yi rajista a Nijeriya, kimanin kashi 27 cikin ɗari ne kawai suka fito. Wannan rauni ne na tarbiyya, kuma a aji ake fara maganinsa.

Darasin ilimin zaman ɗan ƙasa yana cikin manhajar firamare, sai dai galibi haddar ma'anoni ake yi da Turancin da yaro bai gane ba. Ina ba da shawarar abubuwa huɗu, a yi su da Hausa, kuma babu wanda yake buƙatar kuɗi mai yawa.

Na farko, zaɓen monita. Maimakon malam ya nuna yaron da ya fi girma ko ya fi ƙarfi, sai a bar ajin ya zaɓa. Duk mai son tsayawa ya rubuta jimla biyar a kan abin da zai yi wa ajinsa, kamar tsara sharar aji da kula da randar ruwa, sannan ya tsaya gaban 'yan'uwansa ya karanta, su kuma su yi masa tambaya. A yanka takarda, a sa alamomin da yara suka sani, tumatir, albasa, masara, a kawo kwali da tawada. Haramun ne a shigo da sunan jam'iyya, ko alamarta, ko launin hularta. Yaro ya dangwala shi kaɗai a bayan allo, domin ya san cewa ƙuri'a sirri ce.

Na biyu, ƙidaya a bainar jama'a. A ɗaga kowace takarda kowa ya gani, a ware waɗanda suka lalace a bayyana dalilin lalacewarsu, a rubuta sakamako a allo, wakilin kowane ɗan takara ya sa hannu. Kada a raina wannan mataki. A 2023 kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke ƙuri'u 165,663 na zaɓen gwamnan Kano bisa hujjar rashin hatimi da sa hannu, aka yi ta shari'a har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 12 ga Janairu, 2024. Yaron da ya taɓa ƙirga ƙuri'a da hannunsa zai gane abin da manya suke jayayya a kai. A ƙarshe, wanda ya faɗi ya miƙa wa wanda ya ci hannu a gaban aji. Wannan musafaha ita ce ƙashin bayan darasin duka.

Na uku, hira da kakanni. A tura yara gida su tambayi tsofaffi yadda suka yi zaɓen 1979, ko yadda aka riƙa yin layi a bayan hoton ɗan takara a farkon shekarun 1990, su rubuto abin da suka ji su karanta a aji. Yaro ya koyi tambaya, ya koyi saurare, ya koyi rubutu, tarihinmu kuma bai salwanta ba.

Na huɗu, wasiƙa zuwa ga kansila. 'Yan aji biyar da shida su haɗu su rubuta takarda cikin ladabi a kan rijiyar burtsatsen da ta lalace ko rufin ajin da iska ta yaye. A nan za su gane cewa aikin mai zaɓe ba ya ƙarewa ranar zaɓe. Haka shi ma monita, a ƙarshen zango a fito da jimlolinsa biyar a tambaye shi nawa ya cika.

Bari in ba ku abin da na gani da idona. A wata makaranta da na koyar, wani ɗan takara ya zo da alewa cike da aljihu ya raba, ya kuwa lashe zaɓe. Da ya fara rubuta sunayen masu surutu bisa son rai, yara suka kawo mini ƙara. Na ce musu, ina alewar? Suka ce sun shanye. Na ce, shi kuwa yana nan har ƙarshen zango. Ajin ya yi tsit. Ban taɓa koyar da darasin da ya shiga kamar wannan ba.

Mu mutanen wannan yanki ba baƙin wannan tsari ba ne. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974 ruwa ya fara bin magudanai zuwa gonakin Kadawa, Kura da Bunkure, manomin rani ya san cewa idan ba a bi layi wajen ban ruwa ba, na ƙarshen kwata shi ke asarar shinkafarsa. Zaɓe ma haka yake: yarda da ƙa'ida ɗaya, da haƙuri har naka lokacin ya zo.

'Yan'uwa mazauna birni, roƙona gare ku uku ne. Kowane reshe ya ɗauki makaranta ɗaya, ko a Kafin Agur, ko Rikadawa, ko Kubaraci, ko Gora, ya samar mata da littattafan rubutu da fensir. Ma'aikata da lauyoyi da 'yan jaridar cikinmu su ware yini guda a shekara su zo su saurari jawaban yaran. Sannan mu gyara kanmu, domin ba zai yiwu malam ya hana alewa a aji ba, alhali yaro yana kallon mahaifinsa yana sauke buhunan rabo a ƙofar gida daren zaɓe. Abin da yaro ya gani ya fi abin da ya ji zama a zuciyarsa.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba mu shugabanni nagari, Ya mai da kowa gidansa lafiya.