Kansila da Zaman Lafiyar Unguwa



Duk sa'ad da tarzoma ta ɓarke a wani gari, mun saba mu ɗaga kai mu dubi gwamna ko shugaban ƙasa, muna jiran a turo soja, a kafa dokar hana fita, sa'an nan a naɗa kwamitin bincike. Ni kuwa yau so nake mu sunkuyar da kai, mu dubi mutumin da muka fi rainawa cikin masu mulki, watau kansilan mazaɓarmu da ciyaman ɗinsa.

A zamanin En'e, 'yan doka da kotun alƙali da gidan yari duk suna hannun hukumar gargajiya. Gwamnatin soja ta karɓe su tun kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976. Saboda haka ciyaman na yau ba shi da ko ɗan sanda guda da zai ba umurni, kuma wannan ne hanzarin da yakan kawo in an tuhume shi. Amma ku buɗe jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999, za ku tarar kasuwa da tashar mota da mahauta duk aikin ƙaramar hukuma ne. To, ina ne faɗa yake farawa in ba a waɗannan wurare ba?

Alal misali, rikicin Zangon Kataf na Fabrairun 1992 ya tashi ne daga shawarar da ƙaramar hukuma ta yanke ta mai da kasuwa wani sabon wuri. Gaskiya ne akwai tsohuwar jiƙaƙƙa tsakanin Atyap da Hausawan Zango kan ƙasa da sarauta, wadda ta girmi duk wanda ke cikin wannan zaure. Amma ashanar a ofis aka ƙyasta ta. Da watan Mayu ya zo, wutar ta sake tashi, har ta kai Kaduna da Zariya, ta ci mutanen da ba su taɓa taka waccan kasuwa ba. Haka kuma tarzomar Jos ta Nuwamban 2008 ta biyo bayan zaɓen ciyaman na Jos ta Arewa.

Mu 'yan boko muna da laifi a nan. Mun iya rubuta takardar koke mai zafi bayan an binne gawawwaki, amma mutum nawa ne cikinmu ya san ranar da majalisar ƙaramar hukumarsa take zama? Kansila ba ya karanta maƙala, ɗan siyasa ne mai ƙidayar ƙuri'a. In za ku je masa, ku tafi da mai unguwa, da liman da fasto, da sarkin pawa, da shugabar matan kasuwa, ku nemi abu ɗaya tak wanda ke cikin ikonsa: kada a ta da kasuwa ko a raba rumfuna sai an zauna da kowane ɓangare, an kuma rubuta abin da aka yarda a kai.

Zai ce muku babu kuɗi. Ku tuna masa cewa a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma ko kuɗin bai iso ba, kiran taro a ƙofar hakimi tabarma kawai yake bukata. Ku kuma ma'aikata, ku ne kuke rubuta wa ciyaman takardun da yake sa wa hannu, saboda haka kafin fayil ɗin kasuwa ya bar teburinku, ku rubuta a gefensa sunayen ɓangarorin da ba a ji ta bakinsu ba.