Birki Kafin Totur: Abin da Tsohuwar BMW Ta Koya Mana

(Rubutaccen shirinmu na wannan mako, ga waɗanda data ba ta bari sun saurara ba)



Yau maganar mota za mu yi, tsohuwar mota ta wasa, da yadda ake shirya ta kafin a shiga fili da ita. Amma bari in fara da abin da ya sa na shiga wannan harka, don ni ba makanike ba ne, a jami'a ma ba injiniya na karanta ba.

Bara, bayan babbar sallah, mun raka amaryar wani abokinmu daga Bodinga zuwa Shagari. Kun san yadda muke yi. Tun daga fitowa gari aka fara tsere, wannan ya wuce wancan, a taka totur, a ci birki, a sake takawa. Da muka isa, sai aka buɗe fili a ƙofar gida aka fara juyi da motoci, ƙura ta tashi, yara suna ihu. Ina cikin masu ihun. Wayata tana hannuna ina ɗauka, don in saka a TikTok.

Ƙanen wani abokina ne a cikin wata tsohuwar BMW. Ya juya sau biyu, a na uku motar ta ƙwace ta nufi mutane. Ya taka birki, birki ya shige ƙasa babu komai. Wata yarinya mai tallan gyaɗa, ba ta wuce shekara tara ba, ita motar ta samu. Ta karye a cinya. Allah Ya yi da sauran kwana, amma har yau idan tana tafiya sai ka ga tana ɗingishi. Bidiyon yana cikin wayata. Ban saka shi ba, kuma na kasa goge shi, saboda muryata tana ciki ina cewa "ƙara wuta!"

Daga baya manya suka zauna, aka biya kuɗin magani, aka ce kada a sake wasan mota a biki. Na goyi bayan haka ɗari bisa ɗari. Sai dai wata tambaya ta tsaya mini a rai: me ya sa birkin ya ƙi? Yaron ya rantse da safe lafiya lau yake kamawa. Sai ni da yayansa muka ja motar muka kai wa wani dattijon makanike, wanda tun zamanin Peugeot 504 yake cikin gareji. A nan karatu ya fara.

Motar BMW 325i ce, samfurin da ake kira E30, wanda aka ƙera tsakanin 1982 da 1994. Injinta silinda shida ne a jere, lita 2.5, kuma tayoyin baya ne ke tura ta. Wannan shi ne sirrin da ya sa masu wasa ke son ta: idan ka ba ta wuta bayanta ne ke zamewa. Haka ma Marsandi 190 da muke gani a garuruwanmu. Kada ku raina ta, a 1984 Ayrton Senna ya ci wani tsere a filin Nürburgring na Jamus a cikin 190E, tun kafin duniya ta gama saninsa. To amma tasa sabuwa ce fil. Tamu ta haura shekara talatin, ta sha dusar ƙanƙarar Turai, ta biyo ta Kwatano, ta sha ranar Sakkwato.

Baba ya buɗe bonet, ya cire murfin man birki, ya tsoma yatsa ya nuna mana. Baƙi ƙirin kamar shayin da ya kwana. Ya ce, "Yara, wanga mai tun da anka sawo motar ba a taɓa canza shi ba. Shi ne ya ci amanarku."

Ga bayanin a sauƙaƙe. Man birki yana shan danshi daga iska a hankali. Sabon mai irin DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230, amma idan ya sha ruwa yana iya saukowa zuwa 155. DOT 3 kuwa daga 205 yake faɗowa zuwa 140. Idan kana tafiyar kasuwa ba za ka taɓa lura ba. Amma ranar da ka yi ta cin birki da ƙarfi tun daga Bodinga har Shagari, ga kuma birkin ƙafa ɗaya da Baba ya gano yana kamewa yana gugar faranti, zafi zai taru, man ya tafasa ya zama tururi. Ruwa ba ya matsuwa, amma tururi yana matsuwa. Shi ya sa ka taka ka ji ƙafarka ta tafi har ƙasa. Da motar ta huce sai birki ya dawo, ka ce aljanu ne. Ba aljanu ba ne, man da bai kai kuɗin cika tanki ba ne ya gurgunta yarinya.

Daga ranar muka yanke shawara za mu shirya motar nan yadda ya kamata, a hankali, gwargwadon aljihu. Yaron ya so a fara da salansa mai ƙara da fenti. Baba ya ce atafau, shi daga ƙasa yake farawa. Ga jerin da muka bi, ku riƙe shi.

Na ɗaya, gangar jiki. An ɗaga motar an duba ƙarƙashinta da fitila. A Turai ana zuba gishiri a titi lokacin sanyi, gishirin nan yana cin ƙarfe. Ka duba inda shakazoba ke ɗaure, da inda ƙafafun baya ke haɗe da jiki, da ƙasan kujerar direba. Idan tsatsa ta ci wuraren nan, ka haƙura da motar. Duk abin da za ka ɗora a kan ruɓaɓɓen gini asara ce. Tamu an yi sa'a, wuri ɗaya kawai mai walda ya gyara. Bushin-bushin na roba kuwa duk sun tsattsage, an canza su.

Na biyu, birki gaba ɗaya. An zubar da tsohon mai an wanke layi, an sa sabon DOT 4 daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba. An canza tiyo huɗu na roba da ke kai mai ga ƙafafu, an sa sabon takalmin birki, an gyara wanda ke kamewa. Ku tuna da lissafin nan na sakandare: idan ka ninka gudu sau biyu, nisan da za ka ci kafin ka tsaya yana ninkuwa sau huɗu. Kuma a gudun kilomita 100 cikin awa, motarka tana cin kusan mita 28 a kowane daƙiƙa. Kafin ka ce "Innalillahi" ka wuce tsawon gida biyu.

Na uku, taya. Nan ne muke yawan cutar kanmu da tayar gwanjo. A gefen kowace taya akwai rubutun DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta. Idan ka ga 2315, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2015. Taya tana iya zama da zane mai kyau amma robar ta bushe ta mutu. Tayoyin gaban motar nan da muka duba, ɗaya ta girmi yarinyar da aka kaɗe. Sannan a auna iska da safe taya tana da sanyi, saboda zafin gudu yana ƙara mata iska. Kada ka bar mai faci ya auna maka da bugun yatsa.

Na huɗu, sanyaya inji. Kun san watan Afrilu a nan, zafi yana haura digiri 40. An wanke lagireto, an canza famfon ruwa da tiyoyi da murfin lagireto. Murfin nan da kuke rainawa shi ke riƙe matsi, matsin ne ke hana ruwa saurin tafasa. Kuma a daina ɗura ruwan rijiya zalla, yana haifar da tsatsa da gasara a ciki. A sa ruwan sanyaya inji na gaskiya.

Na biyar, belin taimin. Injin wannan 325i da bel na roba yake aiki. Idan ya tsinke inji yana gudu, fistin zai daki bawul, inji ya tashi aiki nan take. Idan ba ka san ranar da aka canza shi ba, ka ɗauka ba a taɓa ba.

Na shida, direba kansa. Kujera ta ɗauru da kyau, bel ya zama mai aiki, hular kwano ta gaskiya, tukunyar kashe gobara a inda hannu zai kai, batir a ɗaure da ƙarfe kada ya yi tsalle. Kwalabe, jak, sifana, duk a kwashe daga cikin mota. Wani ya ba mu shawarar a kira mai walda ya haɗa mana kejin ƙarfe da bututun ruwa. Baba ya ce, "In kun yi haka kun gina ma yaro akurkin mutuwa." Keji yana da irin ƙarfensa da ƙa'idar haɗinsa, kuma ko na kirki ne, in babu hular kwano kanka zai fasa.

Kun lura har muka gama ba mu ƙara wa injin ƙarfin doki ko ɗaya ba? Wata bakwai muka yi. Yaron da kansa ya kwanta ƙarƙashin mota, ya koyi fitar da iska daga birki, yanzu yana zuwa garejin kullum bayan makaranta. Wannan kaɗai riba ce.

To, mota ta shiryu. Ina take yanzu? Tana cikin gida an lulluɓe ta da tamfol. Saboda abu na bakwai ba a saye shi a kasuwar kayan gyara: fili. Ko birkinka ya fi na kowa, in ka yi juyi a tsakiyar yara, ganganci ka yi. Titin da ya bi ta Bodinga da Shagari zuwa Tambuwal da Jega hanyar tireloli ce da masu babur da shanu da 'yan makaranta. Ba wurin gwada gwaninta ba ne.

Wasu za su ce wasan mota baƙon abu ne, a hana kawai a huta. Ku tambayi iyayenku. Argungu tana nan kusa da mu, kafin 1991 ma jiharmu ɗaya. Bikin kamun kifinta ya samo asali tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara, kuma daga baya aka haɗa shi da ralin motoci. Da aka dawo da bikin a 2020, an yi ralin daga Abuja zuwa Argungu, da hannun hukumar ƙera motoci ta ƙasa, wadda a lokacin ɗan Sakkwato ne ke shugabantarta, Jelani Aliyu, wanda ya zana Chevrolet Volt a kamfanin General Motors na Amurka. Ita kanta 504 da Baba ya tsufa a kanta, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, a shekarar ce ta ci ralin Safari a Kenya. Son mota ba yau ya zo mana ba.

Ku dubi Afirka ta Kudu. Wannan 325i ɗin dai, a can suna kiranta Gusheshe. Juyin da suke yi da ita ya faro ne a titunan unguwanni irin su Soweto, ana yi masa kallon aikin 'yan daba. Yau wasa ne da hukumar wasan motoci ta ƙasar ta amince da shi, ana yin sa cikin fili mai shinge, mutane su sayi tikiti su zauna nesa, makanikai da masu taya su ci abinci. Mu ma ai mun san tsari. Dambe yana da fage, kokawa tana da alƙali, sukuwar dawaki tana da filinta. Mota ce kaɗai muka sake a ƙofar gidan biki, alhali ta fi doki nauyi da gudu.

Abin da ni da abokaina muke nema a rubuce, kuma za mu kai wa shugabanni da masu sarauta na ƙananan hukumomin nan biyu, ba mai tsada ba ne. Fili a bayan gari nesa da gidaje. Shingen tsofaffin tayoyi da aka ɗaure, 'yan kallo can baya. Babu mai shiga sai da lasin tuƙi da hular kwano. Makanike ya duba birki da taya kafin mota ta shiga. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra da motar asibiti su kasance a wurin. Mota ɗaya a fili a lokaci ɗaya. Wanda kuma aka kama yana yi a titi ko a biki, hukuma ta hukunta shi, a kuma hana shi filin.

Kafin a samu wannan, ga roƙona gare ku. In kana da tsohuwar mota, gobe ka buɗe murfin man birki ka duba kalarsa, ka karanta lambar tayarka. In kuma kana wurin biki aka fara juyi, ka mayar da wayarka aljihu, ka janye yaran da ke kusa da kai. Direban nan don idonmu yake yi. Ranar da muka daina ihu da ɗauka, rabin wasan ya mutu. Na san haka ne saboda ni na yi ihun.

Ku faɗa mana a sashen sharhi: a garinku akwai filin da ya dace? Makanikai da ke bibiyarmu, me na manta a jerin nan? Ku gyara mana, ku tura wa abokin da kuka san yana da irin motar nan. Kuma don Allah ku sa yarinyar nan cikin addu'a, Allah Ya ba ta lafiya cikakkiya.

Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.