Kada A Daina Cin Biredi Kafin A Yi Gwaji

 

Mu dai 'yan kasuwa ne, ba likitoci ba. To amma buhun fulawa da kwalin taliya ta hannunmu suke bi kafin su shiga gidajenku, shi ya sa muka ga ya wajaba mu yi magana a kan wata cuta da likitoci ke kira siliyak.

Cuta ce da jikin mutum ba ya jituwa da wani sinadari mai suna gulutin, wanda ke cikin alkama da sha'ir. In mai ita ya ci biredi, gurasa, fanke, funkaso, alkaki ko Semovita, sai garkuwar jikinsa ta juyo tana lalata masa ƙaramin hanji, abinci ya daina kama jiki. Alamominta sun haɗa da yawan gudawa, kumburin ciki, rama, ƙarancin jini, da yaro ya tsaya ba ya girma. Mu kuwa da mun ga haka sai mu ce basir ne ko tsutsar ciki, a yi ta jiƙe-jiƙe.

Wani likitan yara a ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya tabbatar a 1950 cewa alkama ce sila. Kuma kada mu ce cutar Turawa ce. Binciken da aka buga a 1999 ya same ta a jikin sama da yara 5 cikin 100 na mutanen Yammacin Sahara. A duniya kuwa, kusan mutum 1 cikin 100 ke da ita.

To yaya ake gane ta? Da farko ana ɗibar jini a auna, a ga ko jiki na yaƙi da gulutin. In jini ya nuna, sai a zura siririn bututu mai kyamara ta baki har zuwa farkon hanji, a tsinko ɗan nama mitsitsi a duba. Wannan aikin babban asibiti ne, irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke nan Gwagwalada.

Jama'a, ga inda muke so a saurara da kyau. Wanda ya daina cin alkama kafin gwaji, hanjinsa zai fara warkewa, gwajin ya fito kamar lafiya lau. Kuɗi ya tafi, cuta tana nan. Daga nan sai likita ya sa shi ya koma cin alkamar na makonni, a sake sabon lale. Don haka a ci gaba da cin abinci yadda aka saba har a gama gwaji.

In an tabbatar, maganinta shi ne barin alkama da sha'ir har tsawon rai. Alhamdu lillahi, gero, dawa, masara, shinkafa, acca, doya da rogo duk babu gulutin a cikinsu. Sai dai a kula da injin niƙan da aka zuba wa alkama. A kuma auna iyaye, 'ya'ya da 'yan'uwa na jini, domin tana bin dangi.

Mu masu sayar da fulawa gara ciniki ya ragu da a rasa lafiyar yaro ɗaya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya tsare mana zuriya. Wassalamu alaikum.