Jawabi Kan Gina Manhajar Hira Da Hannunmu



A shekarar 1988 wani ɗalibin Jami'ar Oulu ta ƙasar Finlan, Jarkko Oikarinen, ya ƙirƙiro tsarin hira na IRC. Mu ma a ɗakunanmu na Takur muna iya gina makamancinsa da kwamfuta biyu ko uku, gani kuwa ya kori ji.

Ga yadda abin yake. Kwamfuta ɗaya ita ce uwar garke, tana sauraro a wata ƙofa mai lamba bisa ƙa'idar TCP, sauran su zo su yi mata sallama. In da zaren aiki ɗaya take tafiya, tana iya tsayawa jiran maganar baƙon farko, na biyu ya yi ta tsayuwa a waje. Saboda haka muke bai wa kowane baƙo zarensa. Amma da yake jerin sunayen mahalarta guda ne, wajibi ne mu sa masa makulli, kada zare biyu su taɓa shi lokaci ɗaya, sunan wani ya salwanta.

Matuƙar ba mu gina da kanmu ba, za mu dawwama muna sayen aikin wasu. Allah ya ba mu sa'a, amin.