Tsufa a Tailan da Izinin Shekara Guda

Yau za mu leƙa ƙasar Tailan, inda tsofaffi daga Turai da Amurka ke zuwa cin fanshonsu. Doka ta ce wanda ya kai shekara 50 zai iya zama, amma izinin na shekara guda ne. Shekara guda kawai. Kowace shekara sai ya koma ofishin shige da fice, ya nuna baht (kuɗin Tailan) 800,000 a banki, ko kuɗin shiga na baht 65,000 duk wata. Kuma bayan kowane kwana 90 sai ya sanar da inda yake zaune.

Ku lura da inda gizo ke saƙar. Sharaɗin da baht aka gindaya shi, fanshon kuwa da fam ko dala yake zuwa. Idan kuɗin ƙasarsa ya faɗi, dattijon da ya cika sharaɗi bara sai ya gaza bana, alhali bai taɓa ko sisi ba. Wani zai ce ai ƙasa tana da haƙƙin tabbatar da baƙo ba zai zame mata kaya ba. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce a daina dubawa. Amma wanda ya shekara ashirin yana cika sharaɗi, me ya rage a gano game da shi? Wani kuma zai ce tun 2022 akwai bizar shekara goma. Akwai, amma ta masu hannu da shuni ce. Mai ƙaramin fansho, ƙafa na ciwo, ido na raguwa, shi ne har yanzu ke bin layi duk shekara. Shi ya kamata a tsawaita wa izini.

Mu kwana nan. Sai wani jiƙon.