JAWABI GA 'YAN AREWA MAZAUNA KURMI: A TANTANCE LABARIN GIDA



Tun da jirgin ƙasa ya isa Nguru a 1930, mutanen wannan yanki su ke gangarowa Kurmi da shanu da busasshen nama, har waɗansu suka yi zamansu a Sabo ta Badun, waɗansu kuma a Agege da Idi Araba cikin Ikko. A da, labarin gida a bakin fasinja ya ke zuwa, ya kwana biyu a hanya, kuma an san wanda ya kawo shi. Yanzu kuwa ta wayar hannu ya ke shigowa nan take, ba a san mafarinsa ba. Abin da ya faru a kan kujerar Sanata ta Yobe ta Arewa ya isa misali.

Wannan mazaɓa ta ƙunshi ƙananan hukumomi 6, watau Bade, wadda hedkwatarta ke Gashuwa, da Nguru, da Machina, da Karasuwa, da Jakusko, da Yusufari. A watan Mayu na 2022 jam'iyyar APC ta yi zaɓen fid da gwani a Gashuwa, Alhaji Bashir Sheriff Machina ya samu nasara. Sanata Ahmad Lawan, wanda a lokacin shi ne Shugaban Majalisar Dattawa, ya tafi neman takarar Shugaban Ƙasa, amma a watan Yuni Bola Tinubu ya ci wannan zaɓe. Daga nan uwar jam'iyya ta miƙa wa hukumar zaɓe sunan Lawan. Machina ya ce shi bai janye ba, ya kai ƙara.

Ana cikin haka sai wata takarda ta ɓulla ɗauke da sunan Machina, wai ya janye daga takara. Aka yi ta aikawa da ita daga waya zuwa waya. Shi kuwa ya fito fili ya ce takardar jabu ce, ba shi ya rubuta ba. To, ƙaryatawa ba ta cika cin tazarar da ƙarya ta ci ba. Wanda ya ga takardar a rumfar kasuwar Mile 12, ba lalle ne ya ji amsar mai ita ba.

A ranar 28 ga Satumba, 2022, Babbar Kotun Tarayya da ke Damaturu ta ce Machina ne ɗan takara. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da haka a watan Nuwamba. Amma a ranar 6 ga Fabrairu, 2023, Kotun Ƙoli ta soke hukuncin, alƙalai 3 suka rinjayi 2, takara ta koma hannun Lawan, ya kuma ci zaɓen da aka yi a wannan wata.

A nan ne ya kamata a lura sosai. Hujjar alƙalan da suka yi rinjaye ita ce, tun da ƙarar ta ƙunshi zargin maguɗi, ba a shigar da ita ta hanyar da ta dace ba, domin irin wannan zargi sai an kira shaidu an yi musu tambayoyi. Watau a kan ƙa'idar shigar da ƙara aka yanke hukunci. Saboda haka duk wanda ya ce kotu ta gano Machina bai ci zaɓen Gashuwa ba, ya ƙara gishiri. Wanda kuma ya ba da labarin bai ambaci hujjar alƙalan ba, ya rage mudu. Irin wannan karkatarwa ta fi ƙarya tsagwaronta haɗari, gama rabinta gaskiya ne, mai sauraro ba ya zargin komai.

Ɗan Nguru ko ɗan Gashuwa da ke Kurmi ba ɗan kallo ba ne. Shi ke aika kuɗin cefane, ana jin maganarsa a gida, yakan kuma hau mota ya je ya jefa ƙuri'a. In aka cusa masa labarin ƙanzon kurege, da shi zai yi wa iyalinsa shawara, a kansa kuma zai ɓata da maƙwabcin da su ke sahu ɗaya a masallaci. Baƙo a garin wasu ba shi da garkuwar da ta wuce ɗan'uwansa. Manyan da a ke faɗan dominsu sukan haɗu su gaisa, su bar talaka da gaba.

Don haka in takarda ta zo, a tambayi wanda ya fitar da ita, a kuma jira a ji ta bakin wanda aka ambata. In an ce kotu ta yi hukunci, a nemi mai ilmin shari'a ya bayyana dalilin hukuncin. In za a buga waya gida, a tuntuɓi mutum biyu da ba su goyon bayan gwani ɗaya. Abin da bai tabbata ba, a bar shi a cikin waya.

Allah ya kiyaye zumunci, ya mai da kowa gida lafiya. Wassalam.